Baba Illo da Zanen Zauren Kaka

Duk wanda ya taɓa gayyatar Baba Illo gidansa ya san ba mai gida yake fara gaisarwa ba, bango yake fara gaisarwa. Zai yi sallama, ya tuɓe takalmi, kana miƙa masa hannu shi kuwa ya wuce ka, ya je ya kafa kunne a jikin bango ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa. Sai ya gama saurare tukuna ya juyo ya ce maka ina kwana. Ku da kuka zauna da shi a Montreuil, nan gefen Paris, kun gani da idonku, ba sai na rantse ba. Ranar wani suna a La Courneuve, ɗaki cike da mutane, liman ya ɗaga hannu za a yi fatiha, sai aka ji ƙwas ƙwas daga bayan labule.

Mai gida ya ce, "Baba, lafiya?"

Ya ce, "Ku yi addu'arku a hankali. Wannan ba bango ba ne, kwali ne aka shafa wa fenti. In kuka ce amin da ƙarfi sai mu tsinci kanmu a ɗakin maƙwabta."

Liman da kansa sai da ya rufe baki da hannun riga.

Ni ce Habsu, ɗiyar wansa, mai butik, kantin nan na gyale da jakunkuna. Tun da ya rasu mutane ke tare ni wai in ba da labarinsa, tunda ni na fi kowa shan wuyarsa. To zan bayar, amma ku sani da haushinsa nake bayarwa. Mutumin nan ya tafi da wani abu namu, kuma har yau ban huce ba.

Abin nan zane ne. Mu magina ne, ƴan Birnin Damagaram. Kakanmu shi ke yi wa zaurukan masu hali zanen nan mai tudu a fuskar gida, wanda ake yi da ɗanyar laka a shafe da farar ƙasa. Ya yi wa zauren gidanmu wani zane da bai yi wa kowa irinsa ba, duk roƙon da aka yi masa. Wata damina ruwa ya yi yawa, zauren ya zauna. Ba wanda ya taɓa ɗaukar hotonsa, don wa ke ɗaukar hoton ƙofar gidansu? Hoto ɗaya da muke da shi na biki ne, ƴan biki kuwa sun jeru da manyan riguna sun rufe bangon kaf. Daga ranar da zauren ya rushe zanen ba ya ko'ina a duniya sai cikin hannun Baba Illo, don babanmu tun yana saurayi ya guje wa laka ya shiga fatauci.

Kuma zanen yana da doka. Ba a zana shi a nuna wa mutum, ba a faɗinsa da baki. Uba ke kama hannun ɗansa ya tura cikin laka ya yi ta bi da shi, har hannun ya haddace. Allah bai ba Baba haihuwa ba. Namijin da ya rage a gidan shi ne ƙanena Lawali, injiniya a Lyon. Ni kuwa ga ni nan kullum a gabansa, amma mace ce.

Nakan ce, "Baba, ga hannuna."

Ya ce, "Mai da abinki, Patron. Hannunki na lalle ne."

"Ni da nake kwaɓa maka laka kullum?"

"Kwaɓawa daban. Ko jaki yana tattaka laka, ba a ce masa magini."

Haka fa yake min magana, yana tsokanata da Patron, wato shugaba, ni da ƴan aikina ke ce wa Madam.

Yadda aka yi har ya zama mai zanen siliki kun sani, amma bari in tuna wa yara. Ƙarfinsa duka a shantiye, wurin aikin gini, ya ƙare, yana shafa filasta a bangayen da ya raina. Da ya yi retret, ya ajiye aiki, hannun ya ƙi zama. Ka zuba masa tuwo, kafin miya ta iso ya zana dagi a kai da bayan cokali. Gilashin taga in ya yi raɓa, ya zana. Motar maƙwabci in ta yi datti, ya zana, maƙwabcin ya fito yana faɗa, ya duba, ya fasa wanke motar. Ni lokacin na gama karatun kasuwanci a Saint-Denis ina yawon neman aiki ba samu. Wata rana na ɗauki hoton tuwon nan, na kai wa masu buga yadi, na sa aka buga shi a gyale kaɗan. Kafin sati ya zagayo sun ƙare.

Fensir kuwa ko taɓa shi ba ya yi. Wai abin da ke da magogi a gindinsa kayan maƙaryata ne. Sai dai in shimfiɗa masa laka a kan allon katako, ya bi da yatsa da bayan cokali kafin ta bushe, in ɗauki hoto, in aika wa masu buga siliki a Lyon. Allah ya sa wa abin albarka. Muka buɗe butik, muka ɗauki ma'aikata, manyan kantunan Paris suka fara neman kayanmu. Shi kuwa bai canja ko hula ba, yana nan a ɗakinsa na da, yana hawa metro, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, da tsohuwar jakar shantiye.

Akwai wani Bature mai otal da ya zo da kansa har butik, ya zaɓi wani zane yana so a buga masa a kafet ɗin otal ɗin gaba ɗaya. Aiki ne da zai riƙe mu shekara. Na fassara wa Baba ina murna.

Ya ce, "Kafet? Wanda ake takawa?"

Na ce, "Baba, kafet mai tsada ne."

"Zanen ƙofa ɗaga kai ake yi a dube shi. Gaya masa in yana so ya manna a silin, baƙinsa su kwanta rigingine su kalla."

Baturen mutumin kirki ne, ya yi dariya ya ce to a yi labule. Na ce alhamdulillahi. Sai Baba ya ce saura izini. Wai zanen nan Kaka ya yi wa gidan wani Alhaji ne a Birni, ba a kai ƙofar mutum kasuwa ba tare da an tambaye shi ba. Alhajin ya daɗe da rasuwa, sai aka nemo lambar jikansa. Baturen na zaune yana duba agogo, Baba ya buɗe gaisuwa. Ya tambayi ruwa, ya tambayi hatsi, ya tambayi masu ciwo, ya yi ta'aziyyar mutanen da suka mutu tun ina goye. Da ƙyar ya iso kan zanen.

Muna jin muryar jikan a waya ya ce, "Wane zane, Baba? A'a, ai wancan mun shafe shi da siminti tun bara waccan. Mun sa tayil, gidan ya yi kyau ƙwarai."

Baba ya kashe waya. Na ce, "To shi ke nan, ka ji ba su damu ba."

Ya ce, "Bai ce e ba."

"Bai kuma ce a'a ba."

"Wanda ya shafe aikin ubana da siminti ba shi da bakin cewa e. Mai bakin yana kabari. Je ki tambayo shi."

Haka otal ya wuce mu. Na kwana biyu ba na yi masa magana. Daga baya mai dafa masa abinci ta gaya min shi ma kwana biyun nan tuwonsa yadda ta kai haka take ɗaukowa, ko zanen bai yi a kai ba.

Abin da ya tsorata ni ke nan. Na ga zanen Kaka suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya a can gida, na zaurenmu kuma yana hannun tsoho mai hawan jini. Na matsa wa Lawali a waya, kullum sai ya ce bakans mai zuwa, wato babban hutun shekara. Da aka gayyace mu wani baje kolin yadi da aikin hannu a Lyon, na ce wa Baba ga dama ta samu, mu je mu iske yaron har gida. Ya yarda nan take, abin da bai taɓa yi ba.

Ashe shiri ya yi. Laka ta koyon zanen Kaka ba irin ta butik ba ce, sai an haɗa ta yadda ake yi a gida, da ciyawa da kashin doki, a rufe ta ta tsima. Har wajen masu hawan doki a bayan gari ya je ya roƙo. Ranar tafiya ya iso tashar jirgin ƙasa da bokitin fenti, ya rungume shi kamar jariri. Ba mu fita Paris ba murfin ya fara numfashi. Wata mata ta tashi da karenta. Wani ya bi ta. Kafin mu yi rabin hanya ba kowa a kusa da mu, ni kuwa na ja gyale na rufe fuska don kunya da wari. Baba ya miƙe ƙafa a kujerar gaba ya ce, "Kin gani, Patron? Kujera biyu kika saya, Allah ya ba mu tarago guda."

A wurin baje kolin, rumfar da ke kusa da tamu ta mutanen asalin ƙasar Ostareliya ce, waɗanda ake ce wa Aborijin. Wata tsohuwa ce baƙa, gashinta fari fat, da hular sanyi har kunne, da jikarta mai kula da ciniki. Matan ƙauyensu ne suka haɗa kai, suna zane, ana buga shi a yadi da riguna ana kai wa ƙasashe, kuma wallahi sun fi mu nisa a harkar. An ba tsohuwar kujera ta ƙi, ta shimfiɗa bargo a ƙasa ta zauna, tana ɗiga fenti da ɗan tsinke, ɗigo bayan ɗigo, ba ta kallon kowa. Baba da bai taɓa yabon aikin wani mahaluki ba ya tsaya a kanta, ya daɗe, sai na ga ya tattara riga ya zauna a ƙasa kusa da ita. Ya kai yatsa zai taɓa fentin, ta make masa hannu ba ta ko ɗago ba.

Ya juyo yana murza hannun ya ce min, "Wannan ta san aiki."

Sai ya ce in yi masa tafinta. Tsohuwar ta faɗa wa jikar da harshensu, jikar ta faɗa min da Ingilishi, ni da ɗan guntun Ingilishina in mayar Hausa. Ya tambaya zanen na wane ne. Ta ce ƙasar iyayenta ce take zanawa, da wuraren ruwa da hanyoyin da kakanninta suka bi, kuma ba ta zana na wani gida sai nasu. Baba ya gyaɗa kai. Ya tambaya ko duka ake sayarwa. Ta ce a'a, akwai wanda ba a sa shi a yadi, ba a nuna wa baƙo, kuma akwai na maza akwai na mata.

Ya kama gwiwata ya girgiza. "Kin ji ko? Daga ƙarshen duniya mata ta zo, ta ce akwai na maza akwai na mata. Yanzu sai ki ce ni ne mugu."

Raina ya ɓaci. Na ce bari ni ma in yi tawa tambayar. Na ce a tambayar min ita, in mazan suka ƙare fa, ko suka ƙi zuwa? Tsohuwar ta ajiye tsinken. Sannan ta ce ita tun jikarta na ƙarama ta fara ba ta nata. Amma tana da ƙane, shi ya tsaya jiran ɗansa ya dawo daga birni. Ɗan bai dawo ba, ƙanen ya mutu, yanzu akwai wani wuri a ƙasarsu da ba sauran mai iya zana shi. Ta ce in suka wuce ta wurin a mota takan kau da kai.

Na mayar wa Baba kalma bayan kalma, ban rage ko ɗaya ba. Ya dubi tsohuwar, ya dube ni, ya ce, "Na farkon kin fassara daidai. Wannan na ƙarshen Ingilishinki ne bai nuna ba."

Washegari muka je gidan Lawali. Kada ku ga laifinsa da yawa, yaron kirki ne, ya ɗauki hutu a wurin aiki, matarsa ta yi girki, ya shimfiɗa leda a tsakar falo. Baba ya yi alwala, ya buɗe bokiti, ya shimfiɗa lakar a allo yana bismilla. Aka kore ni, aka ce in tsaya a kicin, ni kuwa na bar ƙofar a buɗe. Lawali ya ji warin ya ce yana zuwa. Ya dawo ya jingina waya a jikin kujera don ta ɗauki bidiyo, a hannunsa kuwa safar roba ce ta wanke-wanke, ruwan ɗorawa, har gwiwar hannu.

Baba ya dubi wayar, ya dubi safar. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya kankare lakar ya mayar bokiti, ya danna murfi ya ce, "Hannu na kawo wa, na tarar da roba."

Lawali ya tuɓe safar yana ba da haƙuri, ya ce a sake. Baba ya ce lakar ta riga ta ji abin da aka yi mata, sai wani karo. Lawali ya ce to wallahi bakans mai zuwa zai zo Paris da kansa. A jirgin komawa na miƙa hannuna a kan tebur na ce, "Baba, wannan ba roba." Ya kalli taga ya ce, "Yaro ne, zai girma." Lawali fa, mutumin da furfura ta fara fito masa a gemu.

Bakans ya zo ya wuce, wani ma ya zo ya wuce. Hannun Baba na dama ya fara rawa. Ya ce sanyi ne, a tsakiyar zafi. Da ƙyar na kai shi asibiti wurin lokotoro, aka ba shi magani, ya ce maganin ne ke sa rawar. Daga nan mantuwa ta shigo. Ya fara kirana da sunan uwata. Wata rana ya sauka metro ya rasa hanyar ɗakin da ya yi rabin rayuwarsa a ciki, wani ɗan Mali ne ya riƙo shi ya kawo. Zanen butik ya tsaya, muna ta juya tsofaffin hotuna, masu saye ba su ma lura ba. Ni na daina roƙonsa. Na gaji, kuma ina jin nauyin tsohon.

Wata safiya ina buɗe butik waya ta yi ƙara. Muryarsa tas kamar ta da. Ya ce, "Patron, kwaɓa laka ki zo. Ki tuɓe zobe."

Na bar butik a hannun ma'aikata. A metro ina rungume da bokiti ina kuka, mutane na kallona, ban damu ba.

Na same shi ya yi wanka ya sa farar riga. Na shimfiɗa lakar, na durƙusa, ya zauna a bayana ya kama hannuna. Nasa na rawa, nawa ma ya kama rawa. Muka fara daga ƙasa ta dama, inda dokin ƙofa yake. Muka hau, muka yi wani ƙulli da ban taɓa ganin irinsa ba, muka ratsa ta cikinsa muka fito, muka sake hawa. Wallahi ban san laka tana iya yin haka ba. Muka kai sama, daidai kan ƙofa, inda za a juya a gangaro ta hagu. Nan hannun ya tsaya.

Na ce, "Daga nan fa, Baba?"

Ya ce, "Jira."

Na jira. Laka ta fara bushewa, na yayyafa ruwa, na shafe, muka sake daga ƙasa. Hannun ya zo wurin nan ya sake tsayawa. Haka muka yi ta yi har aka kira la'asar, gwiwoyina sun mutu, rigarsa ta jiƙe da gumi.

Na ce, "Ba irin na dama ba ne a juya shi?"

Ya ce, "Kakanki bai taɓa maimaita kansa ba. Hagu daban ne. Can ma abin yake." Ya saki hannuna, ya dubi nasa kamar na wani ne aka ara masa. Ya ce, "Ya tafi."

Can ya ce, "Laifinki ne."

Na ce, "Nawa? Shekara nawa ina miƙo maka hannu kana ce min jaki?"

"Miƙowa kika yi ta yi. Da sai ki fizge."

Na buɗe baki zan rama, sai na ga yana dariya, hawaye na bin gemunsa. Ban taɓa jin haushin mutum da tausayinsa a lokaci guda kamar ranar nan ba. Mun sake gwadawa wasu ranaku, amma daga baya ko na daman ba ya iya kaiwa ƙarshe. Sanyi na shigowa ya kwanta, bai tashi ba.

Lawali ya zo jana'iza, ya yi kukan da ya fi na kowa, kuma na san na gaskiya ne. Da ya ga allon mai rabin zanen ya ce in ba shi hoto, kwamfuta za ta iya ƙarasa hagun. Na ce ta ƙarasa da me, ta san Kaka ne? Masu buga mana siliki su ma sun gani, sun ce ko a haka rabi zai yi kasuwa fiye da duk abin da muka taɓa fitarwa. Mai yiwuwa gaskiyarsu ne. Ban ba su ba, kuma ban san ko zan bayar ba.

Abin da nake yi dai, duk Jumma'a kafin a buɗe butik nakan kwaɓa laka in bi zanen, don kada ni ma ya gudu min. Hannuna ya haddace shi sarai. Yana hawa, ya yi ƙullin, ya kai kan ƙofa ya tsaya cak inda nasa ya tsaya. Kuma rawa yake yi duk tsawon hanyar, alhali lafiyata ƙalau, don da rawar aka koya min. Yanzu ban san wace lanƙwasa ce ta Kaka ba, wace ce ta ciwon, kuma ba sauran wanda zan tambaya.

Allah ya jiƙan Baba Illo, ya yafe masa taurin kansa, ya cire min wannan haushi daga zuciya. Allah ya haskaka kabarinsa, ya sada shi da ubansa a gidan rahama, ya kama hannunsa ya gangaro da shi ta hagun nan. Amin.